Na tara naira dubu 400 daga sana'ar yaji: suna zan sake ko talla zan saya?

Tambayar daga wata baiwar Allah ce a Kano. Shekararta uku tana haɗa yaji a gida, na daddawa, na tafarnuwa da na ƙuli, tana zubawa a robobi masu jan murfi tana sayarwa ta WhatsApp da Instagram. A jikin kowace roba akwai sitika ruwan ɗorawa mai ɗauke da sunan da ake kiranta da shi a unguwa, irin Maman wance ɗin nan. Yanzu ta tara naira dubu 400. Wani matashi mai zane a kwamfuta ya ce mata sunan ya yi ƙauyanci, gara ta sa na Turanci, a zana mata sabon tambari, sauran kuɗin kuma ta ba wata mai yawan mabiya ta tallata mata. Ga shi wasu mata biyu sun fara zuba yaji a irin robarta da sitika mai kama da tata. Tana so ta san ta ina za ta fara.

Hajiya, Allah ya ƙara wa nema albarka. Magana ta farko: kada ki taɓa sunan nan, kada kuma ki taɓa jan murfin da ruwan ɗorawar. Bari in yi miki bayanin dalili, don ban so ki ɗauka saboda na faɗa kawai.

Na shafe shekaru ina aikin rarraba kayan masarufi, daga Kasuwar Singa zuwa shagunan cikin unguwanni da kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako. Abin da na fi koya a wannan yawo shi ne yadda ciniki yake aukuwa a gidajenmu. Mai girki ita ke yanke shawarar abin da za a saya, amma sau da yawa ba ita ke zuwa shago ba. Yaro take aika, ko almajirin gida, ko ta faɗa wa maigida ya taho da shi in zai dawo. Kin ga ke nan sunan kayanki sai ya yi tafiya a bakin yaro ɗan shekara bakwai, daga tsakar gida zuwa bakin titi, ya wuce masu ƙwallo da mai rake, ya isa gaban mai shago bai faɗi a hanya ba. "Yajin Maman wance, mai jan murfi" zai isa lafiya. Sunan Turanci mai kalma uku kuwa, kafin yaron ya kai ƙofar gida ya koma "wai a ba da yaji", mai shago ya miƙa masa wanda ya fi ba shi riba. Duk sunan da aka kawo miki, ki fara gwada shi a bakin ƙaramin yaron gidanki.

Dubi yadda mutanenmu suke yi da sunayen manyan kamfanoni ma. Maggi ya zama magi, har Ajinomoto ana ce masa farin magi. Omo ya zama sunan kowane garin sabulu. Macleans ya koma makilin, Vaseline basilin, Pampers famfas. Baki ne ya tauna sunayen ya mayar da su yadda zai iya furtawa. Wannan nasara ce, amma da wutsiya a jikinta: idan sunanka ya zama sunan kowa, wanda ya ce a ba shi omo ana iya ba shi na wani kamfani ya tafi bai damu ba. Shi ya sa alama ta ido take da muhimmanci kamar sunan. Mace ba ta cewa a sayo magi kawai in tana son wani takamaimai, sai ta ce "mai tauraro". Jan murfinki shi ne tauraronki. Shekara uku kika yi kina dasa shi a idon mutane ba tare da kin lura ba, kuma babu mai zanen da zai iya ba ki shekara ukun nan a faifan kwamfuta.

Waɗanda suka fi ki kuɗi nesa ba kusa ba sun gwada abin da ake ba ki shawara, sun sha wuya. A farkon 2009 kamfanin Tropicana mai lemon kwali a Amurka ya cire hoton da aka san shi da shi, wato lemo da tsinken zuƙa a soke a jikinsa, ya sa kofin lemo da rubutu na zamani. Lemon da ke ciki bai canza ba ko kaɗan. Cikin kusan wata biyu ciniki ya faɗi da kashi 20 cikin ɗari, domin masu saye suna wucewa ta gabansa a kanti ba su gane shi ba, dole aka dawo da tsohon kwali. Coca-Cola kuwa ɗanɗano ta taɓa. A watan Afrilun 1985 ta sauya haɗin lemonta bayan ta ɗanɗana wa mutane kusan dubu 200, akasarinsu kuma suka ce sabon ya fi daɗi. Da ya fito kasuwa sai jama'a suka yi ca, kwana 79 kacal aka dawo da tsohon. Abin da kamfanin bai auna ba shi ne sabo. Mutum na iya cewa wancan ya fi daɗi a cokali ɗaya, amma abin da ya saba da shi yake so ya tarar a gidansa.

Ban ce kada a gyara sitikar ba. Idan rubutun ya cushe, ko tawada tana zuba in ruwa ya taɓa, a gyara. Ki ba matashin nan aikin, ki biya shi haƙƙinsa, amma da sharaɗi: wadda ta saba saye ta hango robar daga nesa ta gane ta nan take. In ya kawo zanen, ki ajiye tsohuwa da sabuwa a kan tebur, ki kira tsofaffin masu sayenki biyar ki ga ko za su ce wannan ta wata ce.

Akwai wani tarihi namu da nake yawan tunawa in ana maganar suna, kuma yana ci mini rai. Shekaru aru-aru fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme suka rina, tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Turawa suka yi ta yi wa littattafai masu tsada bango da ita, suna yaba laushinta da ƙarkonta. Da wane suna suka san ta? Fatar Maroko. Makiyayin da ya yi kiwo da majemin da ya sha warin kwatarniya ba a san da zamansu ba, suna ya tafi ga wanda aka karɓa daga hannunsa. Har yau ba ta canza zani ba: fatun da ake jemewa a Sharaɗa da Chalawa suna tafiya Italiya da Sifaniya, a ɗinka jaka da takalmi, a buga sunan wani, farashi ya ninka sau da yawa. Mu mun iya yin abu, amma mun daɗe muna sakaci da sa masa suna da tsare sunan. Ke kin riga kin tsallake wannan rami, kin sa sunanki a kan abin da hannunki ya yi, mutane kuma sun karɓa. Yanzu a ce ki goge ki sa na aro?

Ki lura kuma da yadda mu da kanmu muke biyan kuɗin suna. A Kantin Kwari magidanci zai biya ninkin-ba-ninkin a kan shadda gezna, wadda kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya yake saƙawa, alhali ga wata a gefe mai kama da ita a ido. Uwar amarya za ta dage sai an sa Holan a lefe, atamfar da Vlisco ke bugawa a garin Helmond, kamfanin da ya kafu tun 1846. Sun san abin da za su tarar bayan wanki na goma, wannan sanin suke saye. To haka yajinki yake. Wadda ta aiko a karo na shida ba ta buɗe murfi ta ɗanɗana kafin ta biya, domin ta riga ta san abin da ke ciki. Duk darajar sunanki a nan take, kuma a nan ne ya fi saurin lalacewa.

Saboda haka kuɗin farko da za ki kashe, sikeli za ki saya, ƙaramin nan na lantarki mai auna giram. Na san za ki ce hannunki ya san awo. Hannunki ya sani, amma ranar da kika kwanta rashin lafiya, ko oda ta yi yawa kika sa ƙanwarki ko 'yar aiki, hannunsu bai sani ba. Ki zauna ki rubuta haɗin kowane yaji a littafi: barkono giram kaza, citta kaza, masoro, kanumfari, kimba, gishiri, daddawa, kowanne da awonsa. Barkono ma ba ɗaya ba ne, na bana da wanda ya kwana a buhu ba su da zafi ɗaya, don haka ki tsayar da mutum ɗaya ko biyu da kike saye a wurinsu, ki kuma riƙa ɗanɗana kowane haɗi kusa da ragowar na baya kafin ki zuba a roba. Kowane haɗi ki ba shi lamba da kwanan wata, ki rubuta a gindin roba, ki ajiye roba ɗaya a gida. Ranar da wata ta kira ta ce na wannan karon ya yi gishiri, za ki san wanne take nufi, ki buɗe naki ki tabbatar.

Sai maganar danshi, wadda ita ce ke kashe masu yaji a damina. Yajin daddawa yana dunƙulewa, na ƙuli kuma saboda man da ke jikinsa yana saurin sauya wari in ya daɗe ko ya sha zafi. Gyaɗa da barkonon da ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna, fumfunar nan kuma tana haifar da guba mai illa ga hanta wadda ido ba ya gani. Ki sayi na'urar liƙe bakin roba, ki daina yin ƙuli da gyaɗar da ba ki tsince da kanki ba, kuma kada ki haɗa na ƙuli da yawa ki jibge. Roba ɗaya mai wari da ta shiga gidan biki ta isa ta rufe miki ƙofar gida ashirin, kuma ba mai kiranki ya faɗa miki, shiru kawai za ki ji.

Jarrabawa mafi girma tana zuwa ne ranar da kaya suka yi tsada. Kin ga abin da ya faru a 2023, lokacin da cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, wajen Kachiya da kewaye, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan lokaci mai yaji tana da hanya uku: ta ƙara kuɗi, ta rage girman roba, ko ta rage citta ta cika da gari da gishiri da kala ta yi shiru. Biyun farko mai saye zai yi ƙorafi ya saya. Ta ukun ita ce algus, kuma kin san hadisin da Muslim ya ruwaito, da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ni ban taɓa ganin darasin kasuwanci da ya wuce wannan ba. Idan za ki ƙara kuɗi, ki faɗa a fili: citta ta yi tsada, ba zan rage ta a haɗi ba, roba ta koma kaza. Matan da ke saye a wurinki su ma suna zuwa kasuwa, sun san gaskiya kika faɗa.

Kan rage girma, akwai abin koyi a wurin Cowbell. Lokacin da suka shigo Najeriya a 1993, madarar gari a gwangwani take, sai mai hali. Su kuma suka zuba ta a 'yan ƙananan ledoji da mai shayi da ɗalibi da lebura za su iya saye da canjin aljihu. Ba su ce wa talaka ya tara kuɗin gwangwani ba, sun kai masa daidai abin da zai iya biya yau, har sai da manyan kamfanonin madara suka bi sahu. Mu ma ai mun san wannan tun kafin su zo, ƙulli-ƙullin gishiri da na kuka a faranti shi ne asalin abin. Ki fitar da ƙaramin ƙulli mai ɗauke da sunanki da launinki, na cin abinci sau biyu ko uku. Shi ne zai shiga hannun wadda ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, kuma tallan da ya fi kowanne aiki a sana'ar abinci shi ne wanda ya taɓa harshe.

Yanzu ga maganar mai yawan mabiya. Mu yi lissafi da misali. A ce roba tana cin miki naira 700, kina sayarwa 1,000, ribarki 300. Idan kika biya naira dubu 150 kuɗin talla, sai kin sayar da roba 500 a dalilin tallan kafin kuɗinki ya dawo, ba a fara maganar riba ba. Tambaya biyu: mabiyan nata nawa ne suke Kano ko inda saƙonki ke iya kaiwa da kuɗin mota mai sauƙi? In kuma Allah ya sa tallan ya ci, oda 500 ta sauko cikin kwana uku, za ki iya haɗawa, ki zuba, ki liƙe, ki aika ba tare da haɗin ya canza ba? Idan amsar ita ce a'a, to kin biya kuɗi ne don mutane da yawa su san kina saɓa alkawari.

Na ga wannan da idona. Wani kamfanin kayan sha da na yi wa aiki ya zuba kuɗi a rediyo na tsawon makonni kafin kaya su isa shaguna. Waƙar tallan ta shiga bakin yara, mutane suna zuwa suna tambaya, masu shago suna cewa babu, suna miƙa musu na wani. Kafin motocinmu su gama zagayawa, ɗokin ya wuce, masu shagon kuma sun riga sun saba da sayar da na abokin hamayya. Mu muka biya kuɗin kiɗa, wani ya yi rawa. Tun daga ranar ban ƙara yarda a yi shela kafin kaya su zauna a inda hannu zai kai gare su ba.

Indomie ta bi ta ɗaya hanyar. Taliyar asalinta daga Indunusiya take, an fara shigo da ita Najeriya a 1988, lokacin da yawancin mutane ba su san ta a matsayin abinci ba. Kamfanin da ya kawo ta ya kafa masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ya ƙara wasu har da ta Kaduna. Sun yi talla, ba a musu, amma ƙarfinsu a wani wuri yake: sun dafa sun raba kyauta a makarantu da kasuwanni don a ɗanɗana, sun kuma kafa nasu kamfanin rarrabawa da nasu motocin, har ta kai babu lungun da za ki shiga ki rasa ta. A Arewa kuma teburin mai shayi ya ƙarasa musu aikin. Ke ba ki da tirela, amma tambayar ɗaya ce: wa ke da teburin da yajinki ya kamata ya zauna a kai? Mai tsire da balangu, mai awara a ƙofar makaranta, mai ɗanwake, mai gurasa, mai dafa abincin biki, mai shagon da ke bakin layinku. Ki zaɓi goma a unguwanni biyu ko uku da ke kusa da ke. Ki ba su na gwaji, ki ba su farashin sari da zai bar musu riba mai kyau, ki kuma riƙa zagayawa duk mako a rana ɗaya tsayayya, ko sun kira ko ba su kira ba. Mai shago yana son mai kayan da ya san ranar zuwansa. Kada ki yarda bashi ya taru, ki ajiye kaɗan, in ya ƙare a biya a ƙara.

Idan hakan ya zauna, sai ki gwada talla da kaɗan. Maimakon mai mabiya miliyan da ke tallata atamfa yau, gobe maganin ƙiba, ki nemi mai koyar da girki wadda mabiyanta matan Kano ne ko da ba su wuce dubu ashirin ba, ki ba ta ta yi girki da shi. Duk wadda ta yi oda ki tambaye ta a ina ta ji labarinki, ki rubuta. Bayan wata ɗaya littafin zai faɗa miki inda kuɗinki ya yi aiki. Kuma kada a yi rantsuwa ko a ce yajin yana maganin sanyi da basir. Hadisi ya gaya mana rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka, hukuma kuma ba ta yarda a jingina wa abinci warkar da cuta ba.

Wani abu da nake roƙonki: ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi ki kwafe sunan kowace mai saye, lambarta, unguwarta, irin yajin da take so da ranar da ta saya na ƙarshe. A ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Instagram da Facebook sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar ce gwamnati ta rufe Twitter na wata bakwai, aka kuma katse layukan waya a Zamfara. Bayan wannan, kullum sai an sace wa wata shafi ko an rufe shi. Shafin nan haya kike a cikinsa, littafin kuwa naki ne. Gidan da ke cinye roba ɗaya a wata, a lissafinmu na ɗazu, naira 3,600 yake kawo miki a shekara ba tare da kin biya kowa kuɗin talla ba. Gida ɗari irin wannan sun fi mabiya dubu goma masu danna alamar so su wuce. In kin ga wadda ta saba saye ta yi wata biyu shiru, ki kira ta ki gaisa, ki tambayi lafiyar yara, za ki ji dalili.

Game da masu kwaikwayonki, na san abin yana da ciwo, amma kada ki yi faɗa da su a sitatus, kada kuma ki karya farashi don ki kore su. Koma ga lissafin nan: in kika rage naira 100 a roba, ribarki ta sauko daga 300 zuwa 200, sai kin sayar da roba 150 kafin ki samu abin da 100 take ba ki a da. Ƙarin aiki, ƙarin gajiya, kuma kin koya wa masu saye jiran ragi. Araha ba ta ado. Roba da launi za su iya saya a Kasuwar Wambai kamar yadda kika saya, haɗinki da tsabtarki da cika alkawarinki ne ba a sayarwa a can.

Abin da za ki yi shi ne ki tsare sunan a hukumance, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista, tana ba ki damar buɗe asusun banki da sunan sana'a, kuma ya kamata ki yi ta, don mai saye ta fi natsuwa in ta ga sunan da ke kan roba shi ne ya fito lokacin tura kuɗi. Amma ba ita ke hana wani buga sunanki a kan kayansa ba. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne, da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya. An kasa kaya rukuni 45, kayan yaji suna rukuni na 30. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. Wanda ya riga kai takarda shi ke da ƙarfi, don haka idan ɗaya daga cikin matan nan ta riga ki, ke mai asalin suna ce za ki koma kina kawo hujja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki nemi lauya ko wakilin da aka amince da shi, a fara bincika ko wani ya riga ya ɗauki sunan, sannan a shigar da sunan tare da zanen sitikar.

Daga nan sai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda ke da ofis a Kano, kuma tana da tsari mai rangwame ga ƙananan masu sana'a. Za su nemi shaidar rajistar sunan, za su zo su duba inda ake haɗawa, don haka ki ware ɗaki guda da ba a girkin gida a ciki, za su kuma gwada kayan. Sitikarki dole ta nuna abubuwan da aka haɗa, nauyi, adireshi, lambar haɗi, ranar yi da ranar ƙarewa. Lambar rajistar da NAFDAC za ta ba ki tana aiki shekara 5 kafin a sabunta. Manyan kantuna ba za su ɗora kayanki a kanta ba sai da ita, kuma ita ce bambancin da mai saye za ta gani da ido tsakanin robarki da ta masu kwaikwayo. Tunda akwai gyaɗa a na ƙuli, ki rubuta shi ɓaro-ɓaro, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarta.

Da ni ne da dubu 400 ɗin nan, kusan dubu 150 zan ware wa rajista, in fara da ta sunan. Wajen dubu 100 ta tafi ga sikeli, na'urar liƙewa da gyaran ɗakin haɗi. Dubu 70 ga sitika mai jure ruwa da ledojin ƙananan ƙulli, ciki har da ladan mai zane. Dubu 30 ga na gwaji da za a raba wa masu tsire da masu shago. Sauran dubu 50 a ajiye, kada a taɓa, saboda ranar da haɗi ɗaya zai lalace. Ranar tana zuwa ga duk mai sana'ar abinci, kuma abin da kika yi a ranar shi mutane za su riƙe. A 1982, da wani ya sa guba a ƙwayoyin maganin ciwon kai na Tylenol mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago, kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa duk da ba a masana'antarsa aka yi ɓarnar ba, ya dawo da murfin da ake gane in an buɗe, mutane kuma suka koma saye. Naki bai kai nan ba, amma in haɗi ya yi wari, ki duba littafi, ki kira duk wadda ta karɓa daga wannan lambar tun kafin ita ta kira ki, ki canza mata kyauta. Dubu 50 ɗin ita za ta ba ki ƙarfin zuciyar yin haka.

Kafin ki kashe ko sisi, a wannan makon ki zaɓi mata ashirin da suka fi daɗewa suna saye, ki kira su ɗaya bayan ɗaya, kira na murya. Ki tambaye su da wane suna suke kiran yajin in za su aiki yaro, da me suke cinsa, da kuma abin da ya taɓa ɓata musu rai ba su faɗa ba. Ta ukun sai kin lallaɓa, don kunya za ta sa su ce babu komai. Ki ce musu gyara kike nema. Kalmomin da suka fi maimaitawa a amsa ta farko da ta biyu, su za ki ba mai zane ya sa a sitika a ƙarƙashin sunan, da Hausa, yadda suka faɗe su.